Tulun Gaban da Ban Duba Ba

Ban taɓa son a ce in zo in duba wa mutum mota kafin ya saya ba. Aiki ne marar lada. In motar ta yi ƙarko, sai a ce mai ita ne ya yi sa'a. In kuwa ta lalace, ko bayan shekara uku ne, sai a tuna wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Na daɗe ina makanikanci a garejin gwamnati a Kontagora, kullum ina kwance ƙarƙashin manyan motoci tun safe har la'asar, amma duk wanda ya san ni a gari gani yake ranar hutuna tasa ce. Na ƙi wa mutane da dama, wasu har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Wanda ya zo mini a wannan karon dai ba wanda ake ƙi wa ba ne.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kama hannuna ya kai ni koyon aiki. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Beri. Ban da gona da iyali, abin da ya mallaka a duniya shi ne bijimai biyu na huɗa, fari da goho, waɗanda ya horar da kansa tun suna maruƙa. A wancan zamanin ba kowa ke da shanun noma a wajenmu ba. Da su yake gama gonarsa da wuri, sannan ya shiga na maƙwabta a ba shi hatsi. Cin gidansa gaba ɗaya a wuyan shanun nan yake.

To sai ga shi ya zo da shawara. Ya lura cewa da ruwa ya sauka, manyan motoci ba sa yarda su bi hanyar Kasuwan Garba, mutane sai dai su ɗauko kaya a ka ko a jaki. Ya ce in mutum yana da jif, irin mai ja da ƙafa huɗu, damina ɗaya ta ishe shi. Ya iya tuƙi, ni ne ma na koya masa a kan wata tsohuwar akori-kura. Ya ce zai sayar da bijiman, ya haɗa da gyaɗar da ya ajiye, ya saya. Har wani mai fataucin shanu ya riga ya taya, ya ce zai zo ya kora su ranar kasuwa.

"Amma igiyar tana hannuna," in ji Yaya. "Ba zan sake ta ba sai ka duba motar ka ce mini e."

Na ce, "Motar wa ce?"

Ya ɗan yi murmushi, ya sosa gemu. "Ai ta gida ce, Injiniya. Ta surukinka ce."

Injiniya yake ce mini in yana son ya saka ni aiki. Ni kuwa da na ji mai motar, sai na ji gajiyar mako duka ta sauko mini a kafaɗa.

Surukina dattijo ne mai fataucin goro da gishiri. A gwanjo ya sayi jif ɗin, bayan ta gama wahala da masu awon hanya a wajen Auna. Sitiyarinta a dama yake, kuma shekarar ce aka koma bin hannun dama a titi, kowa na neman rabuwa da irinta. Direbansa ma ya bar shi ya tafi kudu, motar tana ta zama a ƙofar gida. Shi kansa bai san komai a mota ba, ko inda ake zuba ruwa bai sani ba. Matata kuma ita ce 'yarsa ta fari. Shekara tara da aurenmu a lokacin, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, in na hango shi a hanya daga nesa nake tuɓe takalmi.

Ranar Juma'a muka sa, bayan an sauko daga masallaci. Kwana biyu kafin nan ina fama da injin wata tifa, bayana kamar an daka. Ga zafin bazara, irin wanda hadari ke haɗowa ya watse bai zubar da komai ba. Ba a zuwa gidan suruki da kayan aiki masu maiƙo, saboda haka da farar rigata ta Juma'a na tafi. Na ɗauki sifana, da tsumma, da kwalbar kananzir, na kuma sa matata ta ƙulla mini tokar murhu a takarda.

Ta ce, "Malam, toka za ka kai wa Baba tsaraba?"

Na ce mata da ita ake gane ƙaryar mota. Ta ce to in bi a hankali, kada in gano ƙaryar da ta fi ƙarfina. Da wasa ta faɗa, ta koma kan tankaɗenta.

Ga wanda bai sani ba: a tsakanin ƙafafun mota akwai sandar ƙarfe da muke ce wa aksul, a tsakiyarta kuma akwai wani ƙullutu mai kama da tulu. Mu a gareji tulu muke ce masa. A cikinsa haƙoran ƙarfe suke, su ne ke karɓar ƙarfin inji su raba wa ƙafafu, kuma cikin man giya suke iyo. In man ya tsiyaye, haƙoran sai su ci junansu har su zama gari. Tulun ba ya yin kuka da wuri, ba ya nuna komai a gaban direba. Babbar mota tulu ɗaya gare ta, a baya. Jif kuwa biyu gare ta, ɗaya a baya ɗaya a gaba, kuma na gaban nan shi ne dalilin da ya sa take ratsa taɓo.

Abu na farko da nake dubawa kullum shi ne ƙasa. Motar da ta kwana a wuri takan bar shaida, ɗigo ɗaya ko biyu. Amma ƙofar gidan surukina ba ta barin shaida. Kowace safiya sai an share ta, an yayyafa ruwa, har ƙarƙashin motar ake zura tsintsiya, don dattijon ba ya son ƙazanta. Ba don a ɓoye wani abu ake yi ba, haka gidan yake tun kafin a san za a yi mota. Na tsaya ina kallon sawun tsintsiya a kan rairayi, ba abin da zan karanta.

Dattijon yana ciki yana hutawa, aka miƙo mana makulli. Na naɗe riga, na shimfiɗa buhu, na shiga ta baya kamar yadda hannuna ya saba. Na wanke tulun da kananzir har ƙarfen ya fito, na goge, na barbaɗe shi da toka ko'ina: bakin da farfela, sandar da ke kawo juyi daga inji, ke shiga, kewayen kusoshi, da murfin ƙasa inda ake zubar da mai. Dabarar ita ce a tuƙa motar har ƙarfen ya yi zafi, man ya tsinke, sannan a dawo a duba. Duk inda tokar ta yi baƙi, nan ne ƙofar.

Ina fitowa Yaya ya riga ya hau ya zauna, ya riƙe ƙofa. Na tayar, muka kama hanyar Yawuri. Injin lafiya lau, giya na shiga ba gardama. Yaya sai shafa allon gaban motar yake yi, yana tambayata buhu nawa za ta ɗauka. Ban taɓa ganinsa da irin wannan fara'a ba tun ranar da aka haifa masa ɗan fari.

Sai da muka yi nisa na ji wani siririn gunji daga ƙarƙashin ƙafafuna, can ƙasa-ƙasa, wanda in ba kunnen makaniki ba ba mai ji. A nan na tuna ban taɓa tulun gaba ba. Sabo da manyan motoci ne ya ja ni. Na ce a raina ba komai, in mun koma zan kwance murfinsa in sa yatsa, wannan ma ya isa ya gaya mini gaskiya.

Da muka dawo na shigar da hancin motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, inda na same ta. Ban kashe inji ba sai ga surukina ya fito, shi da abokansa biyu, dattawa. Inuwa ɗaya ce a wurin, sai aka shimfiɗa masu tabarma daidai gaban motar, taku biyu daga hancinta. Na sauko, na tuɓe takalmi, na durƙusa daga gefe.

"Baba, barkanku da Juma'a."

"Barka kadai, Malam. Ya iyali? An sha rana."

Bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini, kuma in zai yi magana da ni gefe yake kallo. Muka gama gaisuwa, ya ce in ci gaba da aikina.

Na koma baya na kwanta. Tokar tana nan fara fat, ba ɗigo ko ɗaya. Na kwance murfin gefe, na zura ɗan yatsa, mai ya taɓa ni nan da nan. Na fito da shi na shinshina, warinsa na man giya ne sosai, wari mai nauyi kamar na daddawar da ta kwana. Na murza shi a rana ko zan ga ƙyallin garin ƙarfe, babu. Bai kuma yi fari-fari irin na man da ruwa ya shiga ba. Na laluba saman aksul inda 'yar ƙofar shan iska take, na tarar zanzaro ya toshe ta da laka, na sa tsinke na buɗe. Wannan 'yar ƙofar in ta toshe, zafi sai ya tura mai ya fita ta inda ya samu. Tulun baya dai ya tsira.

Na fito, na kakkaɓe riga, na zagayo. Sai na tsaya.

Murfin tulun gaba yana fuskantar gaba ne, ba a kai masa sifana sai ta nan. Wato sai in kwanta rigingine, in cusa kai ƙarƙashin hancin motar, in miƙe ƙafafu waje. Wajen kuwa tabarmar surukina ce. Tafin ƙafata zai kusa taɓa gwiwarsa, a gaban abokansa, riga ta tattare, ina nishi kamar jaki.

Na san abin da mai hankali zai ce. Da na ce wa Yaya ya ja motar baya taku goma, da an gama magana. Na yi shekaru ina ja da motar nan baya a cikin kaina. Har na buɗe baki zan faɗa, sai ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya.

"Alhaji, yau fa suruki ne ke binciken suruki. Har da toka."

Surukina ya ce, "Bar shi ya yi aikinsa. Ni dai na gaya masu, da na san da aibi a motar nan, ba zan sayar wa gida ba." Sannan ya ɗan juyo, ba tare da ya dube ni ba. "Malam, ko da saura?"

Ba da wata manufa ya tambaya ba, na tabbata. Amma in na ce da saura, a kunnen dattawan nan na ce ban yarda da maganarsa ba ke nan. Sai na yi abin da rago ke yi: na sunkuya ta gefen taya, kamar mai duba birki, na saci kallo. Tulun gaba ya sha ƙura, amma ba irin jar ƙurar da ke sauran jikin motar ba. Baƙa ce, mai kauri, ta daskare a bakin farfela kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ƙura ba ta yin haka sai ta samu mai ta sha. Na gani, kuma na san abin da na gani.

Bayana na ciwo, gumi na bin wuyana, farar rigata ta riga ta tashi daga aiki. Abin da nake so a duniya a wannan lokacin shi ne in bar ƙofar gidan nan in je in kwanta. Na ce wa kaina wataƙila tsohon yoyo ne da aka riga aka gyara. Na ce ai motar gida za ta zo, in ta zo hannunmu zan duba a tsanake.

Yaya ya matso. "To, Injiniya?"

Na ce, "Lafiya take, Yaya."

Ya je ya tsuguna gaban tabarma, suka yi magana kaɗan, dattawan nan biyu suna shaida. Surukina ya ce ya sallama. Aka shafa fatiha. Ranar kasuwa mai fataucin shanu ya zo ya kora fari da goho. Matar Yaya ta gaya mini daga baya cewa bai fito ba da za a tafi da su, bayan ɗaki ya zagaya ya yi ta gyaran wani shinge da ba abin da ya same shi.

Ban duba ba bayan nan ma. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Yaya ya tafi da motar ƙauye, ni kuma aka tura ni wajen wata motar da ta mutu a hanyar Zuru, na yi kwanaki. Da na dawo ruwa ya sauka, Yaya ya fara jigila, ba ya samun zama. Sau biyu ya shigo gari ya tsaya a ƙofar gidana, sau biyu ina kallon hancin motar, sifana tana cikin ɗaki. In na kwanta na buɗe na tarar da abin da nake tsoro, sai in yi bayanin dalilin da ya sa ban gani ba tun farko. Sai in ce masa kawai ya riƙa kula da ruwa da baƙin mai. Kwalba ɗaya ta man giya da ta riƙe ta zuwa kaka.

Ta yi kusan wata biyu tana aiki. Ran nan da hantsi ina gareji, wani direban babbar mota ya ce mini ya ga jif ɗin Yaya a bakin wani rafi kafin a kai Kasuwan Garba, mutane na sauke kaya suna ɗorawa a ka. Na nemi izini na bi wata mota zuwa Beri, sauran na ƙarasa a kan keken aro. Na same shi zaune a kan dutse, shi kaɗai, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce ya sa ƙaramin giya zai haura gangaren rafin, sai ya ji wani abu ya yi ƙara a gaba, motar ta ƙame.

A nan ba tabarmar kowa. Na kwanta cikin taɓo na kwance murfin, na zura yatsa har iya tsawonsa. Ya fito a bushe, da baƙin gari mai ƙyalli. Robar da ke tare mai a bakin farfela ta daɗe da mutuwa, 'yar ƙofar shan iska kuma zanzaro ya toshe ta kamar ta baya. Haƙoran sun cinye juna, ɗaya ya karye ya fasa cikin tulun. Na kai har magariba ina ciro kayan gaban don ƙafafun su samu su juya. Motar ta tashi, ta tafi da ƙafafun baya kawai, kamar kowace mota. Amfaninta dai ya ƙare, don a taɓo na farko ta zauna, sai da mutanen ƙauye suka turo mu.

Na nemi tulun a Kontagora, na aika Kaduna, na sa a tambaya mini a Zariya. Wanda aka samu ɗaya, ko an sayar da abin da ke rumbun Yaya duka ba zai kai ba. Surukina da ya ji labari ya aiko da jaje da ƙwaryar goro. Ya ce abin ya ba shi mamaki, tunda Malam da kansa ya duba ta a gabansa.

Matata kaɗai na gaya wa. Tana tsinke zogale a tsakar gida, ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Da ka kwanta, Baba zai yi fushin kwana biyu. Ni zan je in ba shi haƙuri, ai aikina ne." Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Wata Lahadi na tafi ƙauye. Lokacin huɗar wake ne, kuma waɗanda Yaya ya saba yi wa huɗa da shanu yanzu kowa na ta kansa. Na same shi a gona da garmar hannu, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, ya yi abin da bai fi faɗin tsakar gida ba tun safe. Na tuɓe riga na ɗauki ɗaya garmar. Hannun da ya saba da sifana ba ya jimre ƙota, kafin azahar tafina ya yi bororo. Muka zauna gindin wata kaɗanya muna shan fura a ƙwarya ɗaya.

Na ce, "Yaya, akwai maganar da nake so in gaya maka."

"Ina ji."

"Ranar nan a ƙofar gidan Baba, ban duba tulun gaba ba. Na leƙa kawai. Kuma na ga alamar yoyo, na yi shiru."

Ya kurɓi fura, ya miƙo mini ludayin. Fuskarsa ba ta canja ba.

"Na sani," ya ce. "Ina tsaye a bayanka. Na ga ka leƙa, na ga yadda ka miƙe."

Na ajiye ludayin. Can na ce, "To me ya hana ka magana? Igiyar tana hannunka a lokacin."

"In ce me? In ce ka kwanta ka miƙe wa surukinka ƙafa a gaban mutane? Ko in ce na fasa, a ce ƙanena ya je ya tona wa uban matarsa asiri?" Ya ɗauki wani tsinke yana goge taɓon ƙafarsa. "Na auna ne a tsaye a wurin. Na ce shanu dai shanu ne. Kai kuma gidan nan za ka yi ta shiga har ka mutu."

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa, da na yi fushi ko na yi kuka na huta. Bai yi ba. Ya kife ƙwaryar, ya dafa gindin kaɗanyar ya miƙe a hankali, ya dubi gabas inda hadari ke haɗowa.

"Tashi mu rage," ya ce. "Kama daga can gefen, ni zan biyo ta nan."